Ƙafar Hagun Hafsatu da Alkawarin da Aka Yi wa Yaya Rakiya

Shekara bakwai ke nan cif da muka rufe yayata Rakiya a maƙabartar Dogon Dawa. Kowace shekara nakan yi mata addu'a in yi shiru. Bana na kasa shirun.

Yaya Rakiya ta sha wahala wajen haihuwar 'yarta Hafsatu, har abin ya taɓa ƙwaƙwalwar jaririyar. Hankalinta garau ya tashi, amma jijiyoyin ƙafafunta suka ɗaure. Da ta fara takawa, tafin ƙafarta shimfiɗe yake kamar faifai, idon sawu ya karkata ciki, tana tafiya a kan gefen ƙafa har fatar ta yi kanta. Mutane suka ce aikin iska ne. Yaya ba ta musa wa kowa ba, goya yarinyar kawai ta yi, ta shiga motar Kaduna, a lokacin da direbobi ke jiran rakiyar sojoji kafin su ratsa daji saboda 'yan bindiga.

Likitan ƙashi ya ce za a iya gyarawa: a saki agarar da ta ɗaure, a ƙara ɗan ƙashi a gefen ƙafa don ta miƙe. Ya ce za a fara da ta dama, in ta warke a dawo a yi ta hagu, kada a bari ƙashi ya gama ƙwari. Ni na yi jinya tare da ita. Na ga makonnin filasta, na ga kukan gashin ƙashi, na kuma ga ranar da Hafsatu ta dafa bango ta aza dunduniyarta ta dama daram a ƙasa. Yaya ta yi sujjada a tsakar ɗakin asibiti.

Yaya ba ta kai ga aikin ƙafa ta biyu ba. Ciwon hanta ya kwantar da ita bayan girbi. A gabana ta kama hannun mijinta, Malam Isiyaku, ta ce, "Malam, ƙafar hagun nan amana ce na bar maka."

Ya ce, "Ko ƙafata za a yanke a dasa mata, za a yi."

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shekara ta farko ya ce hanya ba kyau. Gaskiya ne, ba kyau, duk wanda ya fito daga yankinmu ya san abin da dajin nan ya ci. Amma a wannan hanyar yake bin motar masara zuwa Kaduna duk kaka. Na ce ya ba ni ita in kai ta da kaina, ya ce 'yarsa ba ta kwana asibiti ba uwa. Na kai ƙara wajen kawunmu, wanda ya fi kowa kuka ranar jana'iza, ya ce, "Ladi, ki bar wa mutum 'yarsa. Yadda Allah ya yi ta, haka ya so ta." Yaya ma ta yarda da ƙaddara, Kawu, amma ba ta ɓuya a bayanta ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bara na koma wurin likitan ni kaɗai, ya ce yanzu aikin ya fi na da girma, wataƙila sai an haɗe ƙasusuwan, ƙafar ba za ta riƙa lanƙwasawa ba. Da Yaya za ta leƙo yau, ba 'yan bindiga za ta fara tambaya ba. Mu za ta tambaya.

Me ya rage nata? Kayan ɗakinta an raba, gonarta ta koma daji. Amma watan jiya na je Dogon Dawa, na tarar da Hafsatu, budurwa yanzu, tana tsintar wake. Ubanta na zaune a kan tabarma. Ba ta rage murya ba ta ce, "Inna, ki gaya wa likita ina zuwa bayan Sallah. In Baba ba zai kai ni ba, na san tasha."

Malam Isiyaku ya sunkuyar da kai. Ni kuwa muryar Yaya na ji, sak. Allah ya jiƙanki, 'yar'uwata.