Jirgin da Ke Yawo a Lambun Baba Isaiah

Kafin Baba Isaiah ya taɓa koko da safe, sai ya shiga lambu da tsumma da 'yar kwalbar kananzir. Yakan durƙusa tsakanin tumatir da tattasai yana goge wani siririn layin dogo da faɗinsa bai fi yatsu biyu ba. Daga nan ya saɓi tsaninsa ya tafi ainihin aikinsa, gyaran wayar tangarahu ta tashar jirgin ƙasa a Funtua. A bana, 1968, ya jingine tsanin nan ya yi ritaya, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

Jirgin wasan, wani Bature injiniyan gidan gurzar auduga ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Isaiah ya shimfiɗa layin a ƙasa, ya jawo masa wuta daga batirin mota. Daminar farko gara ta cinye rigar wayar tas, ruwa ya ƙarasa sauran. Bai karaya ba. Ya sa masu ginin tukwane suka gasa masa 'yan bututun yumɓu, ya zura wayar ciki, ya liƙe gaɓoɓin da kwalta, ya binne su cikin toka. Matarsa Liatu kuwa ta yi ta mita kan tumatirinta da aka tumɓuke: "Malam, jirgin nan naka ko ƙwayar gyaɗa bai taɓa kaiwa Ikko ba."

Ta san dalilinsa, tsokana ce kawai. Da kaka manoma kan ƙetare layin dogo da jakunansu zuwa kasuwar auduga, kuma sun saba da babbar mota, wadda in ka ɗaga mata hannu sai ta tsaya. Haka suka ɗauki jirgi. Isaiah ya taɓa saukowa daga kan turken waya ya taya kwashe gawar wani da ya tsaya a tsakiyar layi yana ɗaga hannu. Tun ranar ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake kwasar wata ba.

Don haka ya yi wa layin lambunsa gangara, ya cika taragun da tsakuwa. Ranar kasuwa sai ya tare manoma da ruwan sanyi, ya ɗora ɗan jakin yumɓu a kan layi, ya miƙa wa mutum makunni.

Mamuda na Gozaki, mutum mai kafiya, shi ya fi kowa dariya. "Baba, furfura da wasan yara?"

"Riƙe nan dai, Malam Mamuda. In ka ga zai take jakinka, ka kashe masa wuta."

Jirgi ya gangaro. Mamuda ya kashe, har da tsawa: "Tsaya mana!" Nauyin taragu ya ci gaba da tura kan jirgin, ya zame ya farfasa jakin.

"Ai na kashe!"

"Ka kashe. Direban babban jirgi ma yana taka birki, har yana kuka. Nauyin da ke biye da shi ne ba ya jin magana."

Mamuda ya tafi yana gunaguni, wai an yi masa dabara. Isaiah ya bi shi da kallo zuciyarsa ba daɗi, yana ganin wannan kam bai ji ba.

Bara da kaka, jakin Mamuda ɗaya tilo ya turje a tsakiyar layi da auduga a bayansa, ga jirgi ya karyo kwana yana busa. Waɗanda ke wurin sun ce Mamuda ya fara ɗaga hannu. Sai ya sauke shi, ya saki igiya, ya yi tsalle ya faɗa cikin kwari. Jirgi ya take jaki, noman shekara ya watse fari fat a kan layi.

Ranar bankwana da Isaiah a tasha, Mamuda ya zo a ƙafa. Ba a sa shi cikin masu jawabi ba, shi ya miƙe da kansa. "Ni ban iya magana ba. Na rasa jaki, na rasa auduga. Amma ni ne nan, ku dube ni." Baba Isaiah ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan sabuwar rigarsa.

Baba, kai ne ka jure a kira ka mai wasan yara don kada a kira 'ya'yan wani marayu. Gagara gara, mun gode, muna alfahari da kai, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da muka saura, duk mai wata sana'a a hannu ya duba ko akwai wani rai da za ta iya cetowa, ya fito da ita ko da za a yi masa dariya. Wanda ya fi kowa yi wa Baba dariya, yau da safe yana gonarsa a Gozaki yana cirar auduga tare da 'ya'yansa.