Nuraddeen da Fayil ɗin da Ya Ƙi Tafiya

Malam Nuraddeen Bashir shekararsa goma sha ɗaya yana kula da kwamfutocin wata hukumar gwamnati a Abuja. Mutumin Gumel ne, yana zaune a unguwar Gudu. Kowa a ofis ya san halinsa na yi wa na'ura magana kamar mutum. In firinta ta cinye takarda, sai ya dafa ta ya ce, "Haba baiwar Allah, me muka yi miki?"

Akwai wata manhaja da ke ɗaukar sunayen ma'aikata in sun zo aiki. Tana zuwa da ɗan fayil mai gaya wa babbar kwamfutar ofis yaushe za a kunna ta, da abin yi in ta tsaya. Nuraddeen ya yi wa fayil ɗin ƙari: in manhajar ta tsaya, a gwada kunna ta duk bayan minti biyu, a kuma tura saƙo da sunansa zuwa wayarsa da ta Darakta, Hajiya Rukayyat. Saƙon shi ne, "Na faɗi, a zo a tashe ni."

Sau biyu ana cire manhajar a sake sakawa, sabon fayil yana share aikinsa. Abin ya ba shi haushi, sai ya ajiye nasa a wurin da hannun manhajar ba ya kaiwa. Shekara uku ba ta taɓa tsayawa ba, har ya manta.

Wata Alhamis aka ce a cire ta gaba ɗaya. Ya cire, ya nemi izini ya tafi kasuwar Gudu sayen doya, wayarsa ba caji. Manhaja ta tafi, fayil ɗinsa na nan. Wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfuta ta tashi ta nemi manhaja, babu.

Hajiya na tsakiyar taro saƙo ya shigo. Kafin ta gama salati, na biyu ya biyo. A na shida ta tashi taron, ta tura direbanta Innocent.

Innocent ya tarar da shi a tsugune yana ƙwanƙwasa doya.

"Oga, kada ka motsa! Madam ya ce in kai ka asibitin Gwagwalada."

"Ni? Lafiyata ƙalau."

"Kai ne ka ce ka faɗi, sau ashirin."

Masu doya suka taru, wata ta kawo ruwa ta yayyafa masa a fuska. Sai da aka cusa shi mota ya gane aikin fayil ɗinsa ne. Da ƙyar ya lallashi Innocent suka juya ofis.

"Ranki ya daɗe, ba ni na faɗi ba, manhaja ce."

"Wadda ka ce min ka cire?"

"Ita. Fayil ɗin ne bai san ta tafi ba."

"To je ka sanar da shi," in ji Hajiya. Wayarta ta sake ƙara.

Ya je ya kashe umarnin, ya goge fayil ɗin, ya sa kwamfuta ta sake karanta jerin ayyukanta. Shiru. Tun daga ranar, in ya cire manhaja ba ya barin kujera sai ya bi sawun duk fayil ɗin da ya taɓa da hannunsa. Doyar kuwa a kasuwa ya baro ta, Innocent ne ya koma ya ɗauko, ya riƙe biyu a matsayin ladan ceton rai.