Ranar da aka hana Malam Haruna gaisuwa

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam Haruna, mutumin Tasawa, kuma har yau babu wanda ya san ranar da ya cika. Likita ya ce cikin watan Agusta ne, bai iya ƙarawa a kan haka ba.

A gidan kwanan ɗalibai na wata jami'a a Paris na san shi. Al'adar gidan ce a zaunar da wasu malamai tare da mu, a ci abinci wuri ɗaya, su taimaka wa wanda karatu ya yi wa nauyi. Shi tarihi ya karanta. Ba cikakken malamin jami'ar ba ne, baƙo ne da ake sabunta wa zama duk shekara. Ɗakinsa da takardarsa ta zama a ƙasar duk a kan wannan sabuntawa suke.

Kowace safiya sai ya bi ƙofofin benenmu yana ƙwanƙwasawa. Bature ko baƙar fata, sai ya tambayi kwananka, da gajiya, da labarin gida. Ni da ba na iya haɗa ido da mutane, nakan amsa daga bayan ƙofa. Sai ya ce, "Ɗan Malam, ka yi tari ma ya isa, in dai na ji da rai a ciki."

Wasu ɗalibai suka kai ƙara cewa yana shiga musu rayuwa. Malaman gidan suka zauna a kai, daraktan gidan ya kira shi ya gaya masa cikin ladabi cewa nan kowa da ƙofarsa, kuma lokacin sabunta zama ya matso. Malam yana da iyali a gida da littafin da bai gama rubutawa ba. Ya daina. Gaisuwarsa ta koma ɗakin cin abinci, a taƙaice, kamar ta kowa.

Da hutu ya zo aka rufe ɗakin cin abincin. Malamai suka tafi bakin teku, ɗalibai suka watse, ni kuma na koma Lyon inda aka ba ni gurbin ci gaba da karatu. Mai gadi ne ya buɗe ɗakin Malam bayan hutu, saboda abin da hancinsa ya gaya masa.

'Yan kasuwarmu na unguwar Château Rouge a Paris ne suka yi masa sutura, gwargwadon abin da ya yiwu, don wankan ma bai yiwu yadda aka saba ba. A maƙabarta darakta ya yi jawabi da Faransanci, kuma na ga idonsa ya yi ja, ba na zarginsa da ƙarya. Alhaji Sani, dattijon da ya jagoranci sallar, ya taɓa ni ya ce, "Yaro, me yake cewa?" Na ce yana cewa marigayin mutum ne mai kamun kai, a shekararsa ta ƙarshe bai dami kowa ba.

A bara na koma gidan. An sa wa kowane ɗaki waya, an kuma kafa doka cewa mai gadi ya riƙa zagayawa lokacin hutu. Ban san me Malam zai ce ba da ya ga an ɗauki mutum aikin da aka hana shi yi. Yaranmu da ke zuwa karatu yanzu sun fi mu saurin koyon zaman ƙasar. A matakala mukan haɗu da ɗan garinmu, ya ɗaga min kai ya wuce, ni ma in ɗaga masa.

Littafinsa ba a buga ba. Ɗaliban da suka san shi sun bazu. In na auna abin da ya rage, ban ga komai ba sai tambayar da Alhaji Sani ya yi min a bakin kabari, bayan ya daɗe yana kallon darakta. Ya ce, "Bai dami kowa ba? To a wajensu wannan yabo ne?"

Na ce masa yabo ne. Allah ya jiƙan Malam Haruna.