Mai Shayin Da Ba Ya Cin Burodinsa

Shekara goma sha ɗaya Jaji ya yi yana sayar da shayi a bakin sakatariyar Kiyawa, tara daga ciki ko gutsuren burodi bai kai baki ba. Cikinsa ne ba ya shiri da alkama. Burodi, taliya, fanke, alkaki, duk wanda ya taɓa sai cikin ya kumbura tim, ƙuraje su feso masa a gwiwar hannu, ya wuni yana zarya tsakanin tabarma da bayan gida. Shekarar da aka ba mu jiha wani likita a Dutse ya ce ya rabu da alkama. Ya rabu, ya samu sauƙi.

To amma je ka gaya wa mutanen Kiyawa haka. Surukarsa ta ce iyayi ne. Ƙanin babansa ya ce sammu ne, ya aiko da rubutu galan guda. Malam Sale masinja kuwa, da ba ya fashin bencinsa, kullum sai ya taɓa shi.

"Jaji, alkama fa abincin manya ce. Kai da ka tashi da ɗumamen dawa, yau kai ne mai zaɓe?"

"Malam Sale, ba ni na zaɓa ba, cikina ne."

"Cikin naka Bature ne?"

Da shari'a ta zo aka shiga duba mudu a kasuwa, kowa bakinsa algus, algus. A lokacin ne Malam Sale ya ajiye kofi ya ce, mutum yana sayar da abu shekara da shekaru ba ya ci, ai akwai abin da ya sani. Da wasa ya faɗa. Kafin sati ya zagayo bencin ya koma na ƙudaje.

Adawiyya matarsa ta roƙe shi kada ya biye musu. Bai ji ba. Ran Litinin da safe, ma'aikata na shiga ofis, ya tsaya a gaban tebur ya yanka burodi guda, ya shafe shi da bota, ya yi bismilla ya cinye tas.

"Kun gani? Lafiyarsa ƙalau!"

Kwana uku bai iya fitowa ba. Ran na huɗu ya lallaɓo ya hura wuta, ga Malam Sale ya tsaya daga nesa.

"Sannu Jaji. Burodin da ya kwantar da mai shi kwana uku, mu ne za mu ci?"

Daga ranar Jaji ya ajiye shayi da burodi.

Koko da ƙosai yake sayarwa yanzu a wurin, benci ya sake cika. Malam Sale yakan ƙare masa kallo ya ce, "Ka ga tun da ka bar mugun burodin nan har ƙiba ka yi."

Jaji sai ya riƙe ludayi gam, ya ce, "Na nawa za a zuba?"