Barau Mai Kalangu da Fata Biyu

Duk wanda ya ci kasuwar Jega a shekarun da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ya san Barau Mai Kalangu, in bai san fuskarsa ba ya san amon hannunsa. Gajere ne, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sunkuya saboda rataya kalangu tun yana ƙarami. Makaɗin mahauta ne, kuma gado ya yi. Ubansa, Gidaɗo na Gehuru, shi ya yi wa iyayen mahautan nan kiɗa. Da ya rasu bai bar wa Barau gona ba, bai bar masa saniya ba. Kalangu ya bar masa, sai kuma tsawar da har ya yi furfura bai daina jin ta a kunnensa ba.

Da hantsi, in nama ya iso rumfa, sai Barau ya gyara tsayuwa, ya matse tsarkiyar kalangu da hammata, ya saki. Matan da ke cikin gida ma sun san an yanka. Kowane mahauci da takensa, wato ɗan kirarin da kalangu ke furta masa, kuma ba a taɓa jin Barau ya ba wani taken wani ba. Wanda ya fi ji da shi a cikinsu shi ne Shehu, wani jibgegen mahauci da in ya ji takensa sai ya daki kututturen sara da gatari ya yi ihu, masu sayen nama su ja da baya.

To, sai sabuwar jiha ta zo da sababbin abubuwa. Motoci suka yawaita a hanyar Birnin Kebbi, kaset ya cika gari, samari suka gano cewa lasifika ba ta gajiya kuma ba ta neman a ba ta cinyar sa. A tasha kuwa, Tamu mai jarida, abokin Barau tun na wasan ƙasa, ya fara kawo mujallu, har da guda biyu na kiɗa da makaɗa. Ɗaya sunanta Amon Zamani, daga Kaduna take zuwa, takardarta sumul, hotuna masu launi shafi bayan shafi. Ɗayar kuma Tsarkiya, ta Sakkwato, takarda ja-ja-ja irin ta ƙunshin ƙosai, ba hoto ko na magani, rubutu cunkus. Tamu ya ba Barau tsofaffin kowace, ya ce ya je ya duba wadda ta kwanta masa, sai ya riƙa ajiye masa ita duk wata.

Ga inda gizo ke saƙar: Barau bai san ko alif na boko ba. Mai boko a gidan matarsa ce, Safiya, 'yar Sabiyal, wadda ta shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanta. Lokacin da take zuwa ajin nan, wace irin tsiya ce Barau bai yi mata ba! Tsohuwa da fensir yake ce mata. Yau ga shi ya shigo da takardu a hammata yana sosa ƙeya.

Safiya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, “Maigida, guda ɗai za ni karanta ma. Idanun ga nawa na, ba na aro ba. Zaɓi.”

Wane zaɓi kuma! Barau ya ɗora hannu kan mai hotuna, don ita ko ba Safiya yana iya kallonta. Ga mawaƙa da jita, ga baƙin tabarau, ga wani zaune bayan ganguna jere yana dukansu da sanda biyu. Tsarkiya kuwa aka rufe kwanon gari da ita.

Safiya ta shiga karanta masa bayan la'asar, a hankali, tana bin baƙaƙe da yatsa. Labarin wa ya sayi mota, wa ya je Legas, wa ya rabu da wa. Barau yana ta kyaɗa kai don mamaki. Sai ran nan suka iso wani shafi inda marubucin ya ce zamanin kalangu ya wuce, makaɗan ƙauye su koyi jita ko su nemi wata sana'a. Barau ya yi dariya ya ce yaro ne ya rubuta. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji, ya kwana da ita ya tashi da ita.

Ana cikin haka Shehu ya tashi aurar da ɗansa. Samari suka kafe sai lasifika, Shehu ya bi su, kunya kuma ta hana shi aika wa Barau ko da goro. Daga tsakar gidansa Barau ya ji bikin gidan Shehu ana yi da kaset. Wallahi abin ya yi masa ciwo, ciwon da bai iya gaya wa kowa ba. A makon ne fatar baki ɗaya na kalangun ta tsage, bai ko nemi wata ba. Ya rataye shi a ƙusa. Ya aika wa Yaro, ƙanen Safiya mai fataucin albasa a Aliero, cewa zai zo su haɗa hannu. Kalangun kuwa, akwai wani mai otal a Birnin Kebbi da ke neman kayan gargajiya na ratayawa a bango, Tamu zai miƙa masa ranar kasuwa mai zuwa. Kalangun Gidaɗo a bangon otal, baƙi na cin shinkafa a ƙarƙashinsa!

Safiya ba ta yi masa gardama ba, ta san halin kayanta. Ana jibi kasuwa, Barau na zaune yana ɗinkin buhun albasa, yana soke yatsa yana tsaki, sai ta ɗauko Tsarkiya daga kan kwanon gari, ta kaɗe ta, ta zauna nesa kaɗan tana karantawa da ƙarfi, wai don kanta. Barau ya yi kamar ba ya ji. Wannan ba ruwanta da motar kowa. Tana maganar icen da ya fi dacewa da sassaƙa kangon ganga, da yadda ake tsare kalangu daga sanyin damina. Allurar Barau ta fara tafiya a hankali. Daga nan ta shiga hira da wani tsohon makaɗi, Waliyyu, wanda marubucin ya bi har ƙauyensu a Sarandosa ta ƙasar Maiyama. An tambaye shi wa ya koya masa kiɗa.

Safiya ta karanta, “Na koyi hannu wurin Gi... Gidaɗo na Gehuru.”

Buhu ya faɗi. Barau ya ce, “Wa?”

“Baba,” in ji Safiya. “Saurara mana.” Ta ci gaba, “Kullum yakan ce mana, muddin makaɗi yana da fata, bai gama ba.” Ta furta kalmar da bakin mutanen Jega, hwata, muryarta a sama daga farko har ƙarshe, irin fatan da ake yi wa mutum na alheri. Ta ɗago kai ta ce, “Ka ji ko, Maigida? Baba da kansa ya ce kada a yanke ƙauna.”

Idon Barau ya kawo ruwa. Shekara da shekaru bai ji baƙo ya ambaci sunan ubansa ba, yau ga shi a takarda, an buga shi a Sakkwato. Ya ce ta sake karantawa. Ta sake. Sai ya karkata kai irin na mai sauraren ganga daga nesa, can kuma ya fashe da dariya, hawaye na zuba, har kaji suka watse.

“Safiya, Baba bai taɓa hwaɗin wagga magana ba! Baba? Mutumin da ko sannu ba ya ce ma? Hwata yaka nuhi, ta akuya!”

Ya ba ta labari. In za su tafi kiɗa wani gari, a bakin ƙofa Gidaɗo ke tsayar da su ya zazzage jaka. Duk wanda ba shi da fatar canji a ciki, ko da ta kalangu za ta tsage a tsakiyar fage, sai ƙeyarsa ta gaya masa. Abin da tsoho yake nufi ke nan, ba wani wa'azi ba.

Safiya ta ƙi yarda. Ta tura masa shafin har hanci, ta ce ga shi nan baƙi huɗu, haka aka koya mata, in yana da ja ya karanta da kansa.

“Takarda ba ta da hammata, shi ya sa,” in ji Barau. “Tsaya ki ji.”

Kafin ya san abin da yake yi ya miƙe ya sauko da kalangun daga ƙusa. Ya juya bakin da bai tsage ba, ya matse tsarkiya, ya buga sau biyu bai saki ba, amo ya tsaya a sama. “Wagga taki ta, ta zuciya.” Ya sake matsewa ya buga, sannan ya saki hammata ya buga na biyu, amo ya faɗo ƙasa. “Wagga ta Baba ta, ta akuya.” Ya maimaita mata, ya ƙara maimaitawa. Daga bayan katanga wata maƙwabciya ta ɗaga murya tana tambaya ko nama ya iso da yamma haka.

Ya juya zai mayar da kalangun ƙusa, hannu ya ƙi. Ya tsaya da shi a hammata, igiyar ta kwanta a gurbinta na kafaɗa. A nan ya gane cewa maganar nan, ko ta wane amo ka ɗauke ta, wuri ɗaya take kai shi. Safiya kuwa ta sunkuyar da kai tana ninke mujalla, tana danne murmushi. Har yau ba wanda zai rantse maka cewa kuskure ta yi. Matar da ta yi zaman aure da kalangu a ɗaki tun tana budurwa, a ce ba ta san fata daga fata ba?

Barau ya zauna kusa da ita, ya ce, “Uwargida, na gode. Allah shi saka miki da alheri, ke da wanda ya koya miki, da wanda ya tahi Sarandosa ya rubuto. Tsiyar fensir da na yi miki, ki yahe mini.” Ta ce ta yafe, amma fensirin nata ya ƙare, in yana son a ci gaba da karatu ya san abin yi.

Ranar kasuwa ya fara biyawa tasha. Ya ce wa Tamu ya ba mai otal haƙuri, ya nemi ƙwarya ya rataya. Ya aika wa Yaro cewa albasa ta yafe shi. Da Tamu ya tambaye shi wace mujallar zai riƙa ajiye masa, sai ya ce mai kama da ƙunshin ƙosai. Waccan fuskokin mutanen da bai sani ba ta nuna masa, wannan kuwa ubansa ta kawo masa har tsakar gida. Tun daga ranar ita Safiya ke karanta masa duk wata, yana gyara mata amo, tana ce masa jahili. Lasifika ba ta bar gari ba, bukukuwa da yawa sun wuce shi, amma rumfar mahauta ba ta sake wayar gari ba kalangu ba har ƙarfinsa ya ƙare.

Daga tasha ya wuce rumfa, fensir sabo a aljihu, kalangu mai baki ɗaya a kafaɗa. Shehu na hango shi ya sunkuyar da kai yana goge wuƙar da ba ta da datti. Barau ya gyara tsayuwa ya saki takensa. Gatari ya sauka kan kututture, Shehu ya yi ihun da ya fi na kullum.

“Barau, na yi ma laihi,” in ji shi. “Hwaɗi abin da kaka so.”

“Hwata,” in ji Barau. “Ta ɗan akuya, mai laushi, har da ta canji. Gudan kuwa, ta zuciya, kada ka damu, akwai mai ba ni a gida.”