Kiran da Na Yi wa Goshi a Jega

Shin kiran da na yi ne ya juyo da kan bijimin nan, ko da ma zai juyo ko da na yi shiru? Iyayena sun tafi, maigidana ya bi su bara, idona ya dushe har jikata ce ke rubuta mini wannan, amma ban sami amsa ba. Jajiberen ƙaramar sallah ne, zamanin Turawa, lokacin da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Bama. Ina tsaye a bakin filin mahautan Jega, ban wuce shekara tara ba, rungume da ƙwaryar dusa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kebbe da Tambuwal. Baba manomi ne, yana da 'yan shanu a bayan gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Wata saniya ta mutu ta bar maraƙi mai farin tabo a goshi, aka ce ba zai rayu ba. Ni na raine shi. Nakan tsoma yatsuna cikin madara yana tsotsa, in na dawo daga rijiya shi ke fara sha, in muna sussuka da Inna yana tsaye yana lasar bayana. Ko gaɗa muka fita sai ya tsinke igiya ya biyo ni, yara su watse. Da ya girma sai ya zama abin tsoro. Ya rushe dangar maƙwabci, ya farke cikin wani jaki. Amma in na ce, "Goshi, taho," sai ya sunkuyar da kai ya zo. Baba yakan yi dariya ya ce, "Wanga sa na Uwata na, ni kiwo kawai nika yi mata."

A daminar nan fara ta sauka ta cinye gero tun bai nuna ba. Rumbu ya zama fayau. Baba ya ce zai kai Goshi Jega, can yamma da mu, ya dawo da hatsi. Inna ba ta so a tafi da ni ba, amma Goshi ba ya bin kowa sai ni. Kwana biyu muka yi a hanya, ina gaba da dusa, shi yana biye, Baba a baya da azumi a bakinsa. Ban taɓa ganin gari irin Jega ba. Fatake, raƙuma da gishiri, rumfuna ba iyaka. Ni dai ina riƙe da gefen rigar Baba.

Mahauta suka saye shi nan take. Ashe ba don nama kaɗai ba ne. Al'adarsu ce duk jajibere su yi hawan ƙaho: a zaɓi sa mafi faɗa, a ɗaura masa igiya ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya, a fusata shi da kiɗa, sannan wani jarumi ya faɗa tsakanin ƙahonsa ya rungume wuya. Goshi ya ƙi kamuwa, ya kayar da mutum biyu. Sarkin fawa ya ce wa Baba, "Malam, kai ya sani, kama muna ta gaba." Baba ya ji kunyar ƙi. Ya karɓi igiyar ya naɗe ta a hannu, yadda yake yi in zai kai shanu mashaya. Daga baya na ji cewa mahauci ba ya naɗe igiya, don ya iya saki.

Bayan la'asar kalangu ya ɗauka. Mutane har kan katanga. Ana murɗa wutsiyar Goshi, ana watsa masa ƙasa a ido, kumfa na zuba daga bakinsa. Wani ƙato da warki da layu yana kirari yana matsowa. Goshi ya yi wani kuka irin na lokacin da yake maraƙi. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Goshi, taho!" Ya fizgo kai wajena. Igiya ta fizgo Baba, ya faɗo a gabansa, ƙaho ya shige shi ƙarƙashin haƙarƙari.

A zauren mai masaukinmu aka kwantar da shi, wanzami ya cusa magani ya ɗaure da rawani. Da safe mutane na tafiya idi, mahauta suka aiko mana da ƙwaryar nama. Na san na wane ne. Tun daga ranar naman sa bai sake shiga bakina ba, maigidana ya yi ta tambaya har ya koma ga Allah ban gaya masa dalili ba.

Yanzu a mota ake kai shanu Jega, kafin hantsi an isa, ba a bukatar yarinya ta shige gaba da dusa. Hawan ƙaho ma jikokina a waya suke gani suna dariya. Hatsin da muka kawo ya kai mu wata kakar, duk gidan ba wanda yunwa ta kashe, ni kuwa kowace loma da kuka na haɗiye ta.

Baba bai iso gida ba. Ya nace a ɗora shi a jaki tare da wasu fataken Tambuwal. Da rana ta take ya ce a sauke shi gindin wata tsamiya. Ya yafito ni, ya kama hannuna, nasa ya yi sanyi. Na fara cewa, "Baba, ni ce na..." sai ya girgiza kai.

"Uwata, in kin isa gida, kada ki ce ma Innarki kin kira shi. Ki ce ni na naɗe igiya a hannu."