Gawon Gonar Baffa

Jiya a hanyar Roni na ji ƙanshin ɗanyen gawo da aka sare, sai Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai. A da, ba ya bari a taɓa gawo a gonarsa, don da rani shanu kan kwanta a inuwarsa su bar taki.

Da arzikin man fetur ya kawo takin zamani, ni na sa aka sare bishiyoyin domin tarakta ta samu hanya. Baffa ya dafa kututture, ya ce, "Ɗana, ranar da buhun ya daina zuwa fa?"

Dariya na yi masa. Yau gonar rairayi ce, geron ko ƙuguna ba ya kaiwa.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya ba shi inuwar da na raba shi da ita.